Baba Gidiyon, Mai Shiga Silin

Kafin 'yan kasuwar Singa su gama buɗe shaguna, Baba Gidiyon ya riga ya fito daga gidansa na Sabon Gari, ya ɗaure tsani a bayan babur, ya rataya jakar kayan aiki. Yakan tsaya wurin Sammani mai shayi ya sha da zafinsa, a tsaye, yana amsa waya. Wannan ya ce esinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, na zubar da ruwa, wancan ya ce nasa na gurnani. Duk ya ce musu, "Ina tafe." Kuma wallahi zai je!

Mutumin Wusasa ne ta Zariya. Ya shigo Kano yana saurayi, ya fara da gyaran firji, ya koma esi, daga baya ya ƙware a irin wanda ake ɓoye injinsa cikin silin, a ja masa bututu zuwa kowane ɗaki, ya ba da sanyi lokacin zafi, ya ba da ɗumi lokacin sanyi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana rarrafe a saman gidajen mutane, cikin duhu da tururin kwano, mu kuma muna ƙasa muna shan iska ba mu ko san sunansa ba.

In kana son sanin ko shi wane ne, je ka Rijiyar Lemo ka tambayi Hajiya Ummakulsum. Maigidanta, Alhaji Baffa, tsohon malamin makaranta, ya samu shanyewar ɓarin jiki, har magana ta ɗauke. Da zafin bazara ya kankama, gumi ya fara cin bayansa, gyambo ya buɗe saboda kwanciya. Likita ya ce in ba a sama masa sanyi mai ɗorewa ba, ciwon zai shiga jini. Ɗansu Habibullah ya sa aka ja bututu a silin, aka kafa injin waje. Ya rage injin ciki, wanda zai tura iskar. Nan ya kira Baba Gidiyon.

"Baba, don Allah a kawo mafi ƙarfi," in ji Habibullah. "Ba na son a ce an yi wa mahaifina ƙwauro."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba Gidiyon. "Amma bari mu duba tare. Dole ƙarfinsa ya yi daidai da na waje, ya kuma yi daidai da faɗin bututun nan. In ya fi su, sai ya riƙa huci yana tashi yana mutuwa. Hau tsanin nan ka riƙe mini awo."

Suka auna ɗakuna, suka auna sararin silin, suka duba solar gidan ko za ta iya ɗaukar nauyi in an ɗauke wuta. Inji biyu suka dace. Sai Baba Gidiyon ya sauko, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Saura mutum ɗaya ba mu tambaya ba."

"Wa?" in ji Hajiya.

"Mai ɗakin."

Hajiya ta girgiza kai. "Malam Gidiyon, ai Alhaji ba ya magana."

"Yana ji dai, ko?"

Ya nemi izini ya shiga, ya durƙusa gefen gado, ya kama hannun Alhaji mai lafiya. "Ranka ya daɗe, ni ne mai esi. Ɗakinka ne, kai za ka zaɓa. Zan kunna guda biyu. In ka ji wanda ya yi maka, matse hannuna."

Ya roƙi wani abokin sana'arsa, Nwabueze, ya ara masa injinan biyu, aka ajiye su a falo kusa da ƙofar ɗakin Alhaji. Aka kunna na farko. Alhaji ya runtse ido, ya kau da kai, fuskarsa ta yamutse. Ashe tun da ciwon ya same shi ƙara ke sara masa kai, ba wanda ya gane. Aka kunna na biyu, mai fanka da ke tashi a hankali tana rage gudu da kanta. Sai Alhaji ya matse hannun Baba Gidiyon, ya sake matsewa, ya ƙi saki!

Hajiya ta fashe da kuka tana dariya. "La ilaha illallahu! Tun da ya kwanta ba wanda ya tambaye shi abin da yake so. Abinci ma sai dai mu zaɓa masa."

Aka ɗora injin da ya zaɓa can saman baranda, nesa da kan gado. Baba Gidiyon ya buɗe 'yar ƙofa a silin yadda Hajiya za ta iya zare matatar iska ta wanke ba sai ta jira kowa ba, ya karkata bakin bututun don kada iska ta bugi mara lafiya a ƙirji. Ranar Alhaji ya yi barcin rana har aka kira la'asar. Kafin damina ta sauka gyambon ya rufe. Da sanyi ya shigo, aka juya injin ya koma ba da ɗumi, gaɓoɓinsa suka daina sandarewa da asuba. Yanzu haka yana zama a kujera, jikoki na yi masa karatu. Kuma a gidan nan, ko koko za a dama, sai an kama hannunsa an tambaye shi.

Kai, Baba Gidiyon! Kai ne mai shiga zafi don wasu su sha sanyi. Kai ne ka sauko daga silin da gumi har ƙafa, ka wanke hannu, ka je ka gaida mara lafiya kamar yayanka. Kelechi mai shagon magani a Kwaciri ta ce ka taɓa hana ta sayen sabon inji, ka ce nata tiyon ruwa ne kawai ya toshe. Irin wannan labari naka ya cika Fagge.

Bana gwiwoyi sun ce sun gaji da tsani. Ƙarshen watan nan Baba Gidiyon zai miƙa shagonsa ga 'yarsa Rhoda, wadda ta koyi aikin a hannunsa, ya koma Wusasa ya yi noma. Da aka gaya wa Alhaji Baffa, sai ya nuna a kai shi. Habibullah ya tura shi a keken guragu har bakin shagon, tsoffin biyu suka riƙe hannun juna, 'yan layi suka taru suna tafi.

Mun gode, Baba Gidiyon. Allah ya huta gajiya, ya albarkaci gonarka. Ku kuma masu sana'a, matasa da manya, duk gidan da aka kira ku, kafin ku ɗora komai ku nemi wanda zai zauna da aikin, ku durƙusa ku tambaye shi.