Ba a Taɓa Mai Barci a Gidanmu

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin ban yi aure ba, ina zaune gidan iyayena a Zuru, na yi fama da dannau har ya kusa raba ni da hankalina. Kwanakin nan wasunku sun yi ta tambaya a kansa, shi ya sa na ce bari in ba da nawa labarin. Amma sai na fara gaya muku wata doka ta gidanmu, domin ba don ita ba da abin bai kai inda ya kai ba.

A gidanmu ba a taɓa mai barci. Mahaifina tsohon soja ne, yana samanja ya yi ritaya. Ina ƙarami aka tura su aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, ya dawo ya zama mutum marar yawan magana. Tun da na yi wayo na tarar da dokar: in za ka tada mutum, ka tsaya bakin ƙofa ka kira shi. In bai ji ba, ka ɗauki cokali ka ƙwanƙwasa kwano. Ba ka shiga, ba ka kai hannu. An ce mana wai wani abokin Baba ne a bariki ya taɓa girgiza kafaɗarsa yana barci, da ƙyar abokin ya sha. Iyakar bayanin ke nan. Mu kuma ba mu ga wani abin mamaki ba, don a unguwarmu kusan kowane gida akwai soja, mai ci ko tsoho, kuma ba mu kaɗai ke da kwanon tada barci ba. Dokar a kan Baba ta faro, daga baya ta hau kan kowa, har baƙo.

A lokacin na sami aiki a wani ƙaramin gidan rediyo, ina fassara labaran safe ina karantawa. Tun kafin asuba nake fita a kan babur, in dawo da rana tsaka, in ci abinci in kwanta. Barcin rana ya zama shi ne barcina na gaske. Bazara ce, rufin ɗakina na kwano ne, nakan kwanta rigingine don in ɗan sha iska.

Ran da ya fara zuwa, na farka sarai. Ina jin injin niƙa na maƙwabta, ina jin 'yan kabu-kabu a bakin titi, ina jin mahaifiyata tana tsince wake a faranti a tsakar gida. Na yi niyyar juyawa, jikina ya ƙi. Ba ciwo ba ne, ba kasala ba ce. Kamar dai an cire wayar da ta haɗa ni da hannuwana. Sai nauyi ya sauka a ƙirjina, numfashi ya koma guntu-guntu. A kusurwar da nake rataye kwat ɗina na ga mutum a tsaye, dogo, ba fuska, kuma na san ni yake kallo. Na buɗe baki in kira Mama, ko iska ba ta fito ba. Ni da nake cika wa masarauta guda kunne kowace safiya, na kasa kiran matar da ke bayan labule.

Ya sake ni da kansa. Na tashi jiƙe da gumi, na duba kusurwa, kwat ne kawai. Na yi wa kaina dariya, na ce gajiya ce. Ban gaya wa kowa ba.

Ya dawo a makon, ya sake dawowa. Daga nan ya zama kusan kullum. Na cire kwat ɗin daga ɗakin, mutumin bai bi shi ba, ya ci gaba da tsayuwa a wurinsa, kuma kowane zuwa sai in ga ya ɗan ƙara matsowa. A hankali na koyi matso wani gurnani daga maƙogwarona. Wannan gurnanin ne mahaifiyata ta ji wata rana.

Na ga labule ya ɗaga, na gan ta a bakin ƙofa. Idona a buɗe yake, ita ma ta gani. Ta kira ni da Hausa, ta koma ta kira ni da C'lela, yaren da take komawa gare shi in ta tsorata. Ta ruga ta ɗauko kwano da cokali ta yi ta bugawa. Ina ji, ina gani, mutumin yana tsaye tsakanina da ita, ƙarar kwanon tana shiga kaina kamar ƙusa, amma ƙafarta ba ta tsallake dokin ƙofa ba. Duk cikin abin da na gani a wannan ciwo, babu wanda ya firgita ni kamar wannan. Na tabbata a raina cewa haka zan mutu wata rana, idona biyu, uwata tana tsaye tana buga mini kwano.

Da ya sake ni na yi mata maganar da ban saba yi ba. Na ce, "Mama, kina kallona ana kashe ni?" Ta sunkuyar da kai ta ce na san dokar gida. Da yamma ta shafa wa ƙofata man zaitun da ta karɓo a coci, ta sa Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashina, ta ce za ta kai sunana taron addu'ar mata.

Abokina na makaranta, wanda muke haɗuwa wurin mai shayi, shi ya fara gaya mini sunan abin. Ya saurare ni yana kaɗa shayinsa, ya ce wannan ai dannau ne, shi ma yana yi masa jefi-jefi. Sai da ya gama tsokanata, wai mutumin da ke hana jama'a barcin safe ai gara da aka sami mai danne shi, sannan ya ce maganin a wurinsa mai sauƙi ne. Da matarsa ta ji yana gurnani sai ta girgiza shi, nan take abin ya watse. Taɓawa kawai. Na koma gida kamar an ba ni kyauta.

Na zaunar da mahaifiyata na yi mata bayani, na roƙe ta. Na ce ni ba soja ba ne, ban taɓa riƙe bindiga ba, ko kaza sai an taya ni yankawa. Ta yi murmushi ta ce to, za ta yi.

Da ranar ta zo, ta shigo ɗakin kuwa. Na gan ta ta tako har bakin gado, ta miƙo hannu. Hannun ya tsaya a sama, tazararsa da kafaɗata bai fi tafin hannu ba. Ina roƙonta da idanu. Sai ta janye shi ta ja da baya, ta fita da sauri. Da na samu kaina na fito, na tarar da ita a kicin zaune a ƙasa, ta riƙe wuyanta da hannu biyu.

A nan ta gaya mini, a hankali, tana duban ƙofa kada Baba ya shigo. Babu wani aboki a bariki. Ita ce. Baba bai daɗe da dawowa ba, tana da cikin ƙanwata, ta ji yana kuka cikin barci, ta dafa kafaɗarsa. Kafin ta ankara ya shaƙe ta, idonsa a buɗe amma bai gane ta ba. Maƙwabta ne suka ɓamɓare hannunsa. Ta ce da ya farfaɗo ya yi kwana da kwanaki bai iya kallonta ba, kuma tun daga ranar ba su taɓa tada zancen ba. Ita ta kafa dokar, ita ta ƙirƙiro labarin abokin don kada mu ji tsoron ubanmu. Ta ce, "Na san kai ne, na san ba abin da za ka yi mini. Hannun ne ya ƙi."

Ban sake roƙonta ba. Sai na yanke shawarar da a lokacin na ɗauka dabara ce: na daina barcin rana, na dare ma na rage shi iyakar iyawata. In na tashi aiki sai in wuce kasuwa in yi ta yawo ba abin da nake saya, ko in zauna tasha ina kallon motocin Bena suna lodi. Goro, shayi mai kauri, wanke fuska. Gado ya zama mini kamar bakin rijiya. A wurin aiki na fara karanta layi ɗaya sau biyu. Wata safiya aka kunna jar fitilar fara shiri, na tsaya ina kallon makirufo ban san me ya kawo ni ba, sai da mai kula da na'ura ya buga gilashi. Shugabana ya kira ni ya tambaya ko lafiya, na ce zazzaɓi ne.

Ƙarshenta wata rana aka aike ni Dabai ɗauko wata hira. A hanyar dawowa gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan babur. Na farka a cikin kunyoyin wata gona, babur a gefe tayarsa tana juyawa, gwiwar hannuna ta saɓule. Kaɗan ya rage in daki bakin kwalbati. Wasu manoma suka ɗaga ni suna yi mini sannu, ɗayansu ya sunsuna bakina ko burkutu na sha.

Na shigo gida ina ɗingishi. Baba yana zaune inda ya saba, ƙarƙashin mangwaro, da rediyonsa a cinya. Duk tsawon wannan lokaci bai ce mini komai ba, har na ɗauka bai san abin da ake ciki ba. Ya dubi hannuna, ya dubi idona. Ya bari Mama ta wanke ciwon ta ɗaure. Sannan ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa ta ƙarfe, ya wuce ɗakina ya ajiye ta a wajen ƙafar gado. Ya ce, "Kwanta. Ni ke gadi."

Na ce ba na jin barci. Ya ce bai tambaye ni ba. Da na kwanta ya yi mini bayani, da muryar da yake ba da umarni, ba ya kallona. Ya ce a can inda suka je, mutum biyu ke raba rami, ɗaya na barci ɗaya na gadi, kuma dole ka tada ɗan'uwanka ba tare da hayaniya ba. Ba a taɓa kafaɗa, ba a sunkuyawa kan fuska. Ta wajen ƙafa ake zuwa, inda hannunsa ba zai kai ka ba, ka kama idon sawu ka riƙe da ƙarfi, ka gaya masa ko kai wane ne da inda yake.

Ban san lokacin da barci ya kwashe ni ba. Abin kuwa ya zo, bai ji kunyar samanja ba. Nauyin ya sauka, mutumin ya fito daga kusurwarsa, wannan karon har gefen gado. Na fara gurnani. Sai na ji hannu mai kaushi ya damƙi idon sawuna. Kamar an kunna wuta a ɗaki mai duhu, komai ya koma wurinsa, iska ta cika ƙirjina.

"Ni ne, babanka," in ji shi. "Kana gida. Zuru ce nan."

Na kwanta ina haki, shi kuma bai saki ƙafar ba. Da na natsu na tambaye shi, tun da ya san wannan, me ya hana shi koya mana. Ya ce, "Bayan abin da na yi wa uwarka, da wane baki zan ce wani ya matso kusa da ni?" Ya ce in koma barci, yana nan.

Ya yi mini gadi har damina ta sauka. Kullum in na dawo aiki kujerar tana wurin. Daga baya na ga likita, ya ce ƙwaƙwalwa ce ke farkawa kafin jiki, kuma barcin da ba shi da tsari da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Na roƙi a sauya mini lokacin aiki, na koyi kwanciya ta gefe, abin ya yi ta raguwa har ya zama sai an daɗe.

A cikin daminar nan ne wata rana na ji Baba yana nishi a kan tabarmarsa a rumfa, barcin rana ya ɗauke shi. Nishin da muka taso muna ji muna wucewa. Mama ta fito da kwano. Na ce ta dakata. Na zagaya ta wajen ƙafa, na durƙusa, na kama. Hannunsa ya kai duka da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, ya sami iska. Na ce, "Baba, ni ne. Kana gida." Ya dube ni, ya dubi rumfa, ya dubi Mama a tsaye da cokali. Sai ya ce a ba shi ruwa. Ba mu taɓa maganar ba bayan nan.

Yanzu in dannau ya zo mini ba na ganin kowa a kusurwa, nakan jira ne kawai ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne tunanin shekarun da Baba ya yi yana nitsewa cikin barcinsa, mu da muke ƙaunarsa muna tsaye bakin ƙofa muna buga masa kwano, kowa yana ganin kirki yake yi. Mama har yau ba ta iya ba, kuma ba na ganin laifinta. In ta ji ya fara nishi, takan aika a kira ni ko ƙanwata, ita kuma ta tsaya daga nesa da kofin ruwa a hannu, tana jira ya buɗe ido ya gane ta.