Ɗakin Masu Doya

Shekaranjiya na shiga kasuwa cefane, ina tsaye ina taya doya sai wani mai jaka a wuya ya yago 'yar takarda, kyat, ya miƙa wa matar da nake ciniki da ita. Ƙarar yagar tikitin nan ce ta ɗauke ni ta kai ni gidanmu na unguwar Wambai, har mai doyar ta tambaye ni ko lafiya.

Gidan kakanmu ne, Baba Tsoho muke ce masa, tela ne mai keken ɗinki a zaure. Matarsa kuwa Iya. In ka wuce zaure akwai wani ɗaki a hannun dama, ba gado ba kujera, sai tabarmi uku da randa. Na matan Gwari ne masu kawo doya daga ƙauye. Ana gobe kasuwa, da la'asar za ka gan su sun jero, kowace da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Su sauke, su wanke ƙafa, ɗakin ya cika da ƙamshin ɗanyar ƙasa, Iya ta kai musu tuwo. Ba a taɓa karɓar ko sisi a hannunsu ba. Babbarsu ƙawar Iya ce tun suna amare, kuma ba ta komawa gida sai ta ajiye doya biyu a bakin madafa.

Wata damina, ina aji huɗu a firamare, ma'aikatan haraji suka shigo unguwa suna ƙirga ƙofofi. Suka rubuta lamba da shuɗin fenti a bangon zaurenmu. Da takardar harajin gida ta iso, Baba Tsoho ya juya ta sau uku, ya tura ta ƙarƙashin hularsa, ya wuni bai taka keke ba. Lokacin ana ta ginin Abuja, ma'aikata sun cika gari suna neman wurin kwana. Bayan magariba ya ce da Iya zai ba da ɗakin nan haya.

"Su kuma bayin Allahn nan, a kan titi za su kwana da kaya?" in ji Iya.

"To ni in biya da me? Da almakashi?"

Ranar miyar Iya ta yi gishiri.

Ana cikin haka aka kira masu gidaje taro a ƙofar mai unguwa. Can aka kawo shawara: a sa ɗan wani abu a kan duk kayan da aka sayar a kasuwa, abin da aka tara a rage wa gidaje nauyi da shi. An ce Baba Tsoho ne ya fara miƙewa ya ce ya yarda, har yana buga sanda. Ya dawo gida yana murmushi, ya saya mana rake. Da sabuwar takarda ta zo, harajin ya sauko inda kuɗin ɗinki zai iya biya, maganar haya ta mutu. Iya ta sa muka yi wa ɗakin sabon daɓe, muna waƙa.

Ran kasuwar da ta biyo baya, ƙawar Iya ta dawo da yamma ɗaukar kayanta. Ta kwance bakin zane ta fito da 'yan takardu uku, ta baza su a tafin hannu.

"Ƙawa, yau na sayi takarda," ta ce tana dariya. "Ba a ci, ba a sha. Wai ta gyaran gidajen mutanen gari ce. Na ce to, ai ni ma ina da gida a gari."

Ta ajiye doya a bakin madafa. Guda ɗaya ce ranar, 'yar ƙarama, tana ta ba da haƙuri.

Daga zaure muka ji keke ya tsaya. Ni dai a lokacin ban gane ba. Sai da na girma na fahimci cewa Baba Tsoho, a wurin taron nan, masu manyan shaguna kawai ya hango, ko kaɗan bai tuna da masu shimfiɗa buhu a ƙasa ba. Ɗakin da ya ji daɗin bar musu kyauta, ashe su ne suka fanshe shi da gumin kafaɗarsu.

Ya leƙo ya ce a mayar mata da doyarta. Iya ta tare shi a ƙofa, ta sassauta murya.

"Malam, ka sa an karɓe mata kuɗi, yanzu kuma mutuncinta za ka karɓe?"

Aka dafa doyar, muka ci da manja. Amma tun daga ranar, duk safiyar kasuwa Baba Tsoho yakan damƙa wa Iya kuɗin tikitin matan, ita kuma ta sa su ƙarƙashin faifan da ta rufe musu koko da shi. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Iya ce kawai takan tsokane shi, ta ce harajin nasa kasuwa ya je ya sha iska ya dawo gida. Shi kuma ya ce Allah ya shirye ta. Haka aka yi har ƙasa ta rufe idonsa, Allah ya jiƙansu duka.

Yanzu magada sun raba gidan, kowane ɗaki da mitar wutarsa da kwaɗonsa. Na masu doya wani ma'aikacin Abuja ne a ciki, yana fita da asuba, ko maƙwabcinsa bai san daga ina yake ba. Matan ƙauye a mota suke zuwa, su koma a ranar, ba su da ƙawa a gari.

Kwanan baya maigidana, mai ɗakunan haya biyu a unguwar Iku, ya dawo daga masallaci da murna, wai ana maganar a ƙara haraji a kasuwa a rage wa masu gidaje. Na zuba masa abinci, na bari ya ci ya sha ruwa. Sannan na ce, "Alhaji, a wurin da kuka yi maganar, akwai mai talla ko ɗaya?"