Fararen Ƙyallayen Siu-kim

Ina tsaye bakin layi da ledar sharata, muna jiran motar shara ta iso da kiɗanta, sai surukar ƙawata Liao Siu-kim ta zo ta ce min ta rasu.

Shekara talatin Siu-kim ta yi tana sayar da madarar waken soya a ƙofar firamare. Da aka gina tanderun ƙona shara a bayan makarantar, ta lura kofunanta suna yin baƙi tun kafin yara su fito. Ba ta iya rubuta takardar koke ba. Sai ta riƙa shanya farin ƙyalle kowace safiya, da yamma ta sauke, ta sa masa kwanan wata.

Ranar taron ƙara tanderu na biyu, wani jami'i ya ce ai hayaƙin tururi ne kawai. Ta juye masa ƙyallaye ɗari biyu a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, tunda tururi ne, goge bakinka da wannan."

Bai goge ba. Aka ɗage aikin, amma ba a soke shi ba.

Da na je duba ta a asibiti kafin ta rasu, tari duk ya cinye ta, ta kamo hannuna.

"Ke raguwa, wa zai riƙa shanya min ƙyalle?"

"Bari ki warke tukuna, Yaya."

"Hayaƙin ya ce miki zai jira ni? Igiyar tana bayan shago."

"Zan shanya, kullum."

"To ki gyara rubutun nan naki mai kama da tonon kaza, kada su ce ba su gane ba."