Tuwon da Munzali Ya Daina Ci

Ummussalma ’yar masunta ce daga wani ƙauye a ƙasar Kirikasamma. A gidan ubanta ta koyi naɗe tarwaɗa a tsinke ta jera a kan banda, a gidan mijinta Munzali ta ci gaba, har fatake daga Haɗejiya suke sallama a ƙofarta da kwalaye. Shekarar da ambaliya ta cinye ƙauyen, suka kwashi yara suka dawo cikin gari, gidan mahaifiyarsa Inna ’Yar’azumi. Iyayenta kuwa suka watsu gidajen dangi. Ranar da suka sauka Munzali ya ce ta bar sana’ar kifi, nan birni ne, ƙarni zai dami maƙwabta. Ta ce to. Tun daga nan take wuni da hannu a cinya.

Ƙanwarta Hafsat, mai koyarwa a wata islamiyya, ita ta kawo mata littafin. Irin ƙananan nan ne da ake rubuta wa mata a kan zaman aure da dogaro da kai.

“Yaya, karanta wannan. Kin zauna kamar mai takaba alhali mijinki yana raye.”

Karatun Ummussalma a firamare ya tsaya, sai ta bi layi da yatsa. Da za a tambaye ta, cewa za ta yi don gyaran aure take karantawa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma shafukan da suka fi yin dauɗa su ne inda marubuciyar ta ce mace ba ta zama babu sana’a, kuma ba a tunkarar miji da buƙata kai tsaye. A fara tausasa zuciyarsa: ƙamshi, tarba, suna mai daɗi, zama kusa da shi idan yana cin abinci. Bayan nan a roƙa. Ummussalma bandarta take so a mayar mata.

Ta samo humra wajen maƙwabciyarsu Mairam, ta yi lalle. Da Munzali ya dawo daga fadamar tattasai bayan azahar, laka har gwiwa, ta tarbe shi a tsakar gida.

“Sannu da zuwa, angona.”

Ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani aka shigo.

Ta ajiye tuwon, maimakon ta koma madafa yadda ta saba tun aurensu, sai ta zauna tana yi masa fifita tana kallon bakinsa. Ya yi loma kaɗan ya tashi. Inna tana ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai ba, amma babu abin da ya wuce ta.

Ba a jima ba kwanon ya fara dawowa yadda aka kai shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Munzali ya koma ci a ɗakin uwarsa. Bai yi faɗa ba, bai ce komai ba, shi ne ma abin da ya fi tayar mata da hankali. Ta san abin da yake biyo baya idan namiji ya ƙaurace wa girkin matarsa: a kira manya, a ce ta je gida tukuna. Wane gida? Inda ɗakin uwarta yake yanzu kwalekwale ne yake wucewa.

Ta koma ga littafin ta ga ko wani mataki ta tsallake. Ta ƙara turaren wuta, ta ƙara kayan ƙamshi a miya. Kwanon ya ci gaba da dawowa.

Mairam ce ta fasa mata, suna tsaye a bakin famfo.

“Ke kaɗai ce ba ki ji ba? Cewa ake kin je Birniwa wajen wani malami, ya ba ki na barbaɗawa. Inna ta ce matar da ’ya’yanta suka kusa aure ba ta tashi rana tsaka ta kira miji ango, sai da dalili.”

“Ni ko hanyar Birniwa ban sani ba.”

“Ni na yarda. Humrata dai kada ki ce a wajena kika samo.”

Washegari da azahar ta ɗauki kwanon ba ta kai ɗakinsu ba, ta nufi rumfar Inna inda Munzali yake zaune. Ta durƙusa ta buɗe, ta wanke hannu. Tun da aka kawo ta gidan miji ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukarta ba. Ta gutsiri tuwon ta wannan gefe ta ci, ta juya kwanon ta gutsiri ɗaya gefen, ta dangwali miyar har ƙasa.

“Ke Ummussalma, kunyar ma kin sayar?” in ji Inna.

“Tana nan, Inna. Tsoro ne ya fi ta.”

Ta zaro littafin daga zaninta ta ajiye a tabarma. Munzali ya ɗauka ya juya shi, ya karanta wani wuri leɓensa yana motsi, ya kalli uwarsa, ya rufe.

“Wannan ne malamin naki?”

“Shi ne, Malam.”

“To na ji babu magani. Amma mutum ba ya canzawa haka kawai. Me kike nema a wajena?”

Maganar tana bakinta, ta daɗe tana shirya ta. Sai ta ga Inna ta ajiye faifai tana jira. Idan ta ambaci banda yanzu, ta tabbatar musu cewa ƙamshin da fifitar duk tarko ne, bambancin kawai ba a Birniwa aka haɗa shi ba. Kuma ita kanta ba za ta iya rantsuwa cewa ba haka ba ne.

“Babu komai, Malam.”

Sannan ya jawo ruwan ya wanke hannu, ya sa a kwanon.

Da Hafsat ta zo ranar Juma’a ta tarar da ita a ƙofar ɗaki, lallen ya fara gogewa.

“Yaya, kin tambaye shi maganar kifin?”

“Ya dawo cin abincina,” in ji Ummussalma. “Ki yi magana a hankali, Inna tana rumfa.”