Baba Almakashi da Rabin Lambun da Ya Rage

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda duk mai ratsa tsakiyar birnin nan ya sani da laƙabin Baba Almakashi. Ya rasu a ɗakinsa yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar mako uku. Shekara talatin da shida ya yi yana kula da lambun shaƙatawa na tsakiyar gari, wannan da ke tsakanin babban asibiti da kotu.

Baba, yau kwana tara da rasuwarka. Na so in rubuta ta'aziyya mai sanyi irin wadda ta dace da kai, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai takaici ya riga hawaye zuwa. Ka yi mini haƙuri, yadda abin yake a raina haka zan rubuta shi.

Almakashin yankan shinge da ba ka rabuwa da shi ne ya ja maka sunan. Ko dubiya ka je gidan mutum, in ka ga shingensa ya yi buzu-buzu sai ka gyara shi kafin ka yi sallama. Inna, matarka, takan ce ita dai ta san da almakashi aka aura mata kai. Kafin ƙarfe bakwai ka buɗe ƙofar lambun, ka ja tiyo, ka bi da manjagara ka tattara ganye. Kafin ma'aikata su fito cin abincin rana, wurin ya yi fes. Masu jinya sukan tsallako daga asibiti su sha iska. Waɗanda shari'a ta yi wa zafi a kotu sukan zauna gindin maɗaci har zuciyarsu ta sauka. A duk tsakiyar birnin nan, inda ko'ina siminti ne da hayaƙin mota, nan kaɗai mutum zai zauna ba a ce masa me zai saya ba.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ya makance, wanda 'yarsa ke kawowa kowace safiya ta zaunar a benci na uku daga ƙofa. Ka lura ba ya ganin furannin da kowa ke yabo. Ba ka ce da kowa komai ba, ka tumɓuke na kusa da bencin ka dasa masu ƙamshi. Bayan wata biyu malamin ya ɗaga hanci ya ce, "Wa ya canza mini wuri?" Ka ce masa, "Wurinka ne, Malam, tufafi kawai ya sake." Har ya bar duniya bai zauna a wani benci ba.

Ni ma a lambun na fara zuwa gaishe ka, lokacin da nake neman auren 'yarka ta fari. Na sha farar riga, na goge takalmi. Ka amsa gaisuwata, ka miƙo mini bakin tiyo ka ce in riƙe maka kana zuwa. Awa guda cur ina tsaye cikin laka. Da ka dawo ba ni ka duba ba, gindin shukokin ka duba, sannan ka ce, "Ba ka kashe su da ruwa ba. Ka turo manyanka." Tun ranar kake kirana Akawu, don aikina ke nan a ofishin hukumar birni, a sashen da lambun yake ƙarƙashinsa.

Daga nan takaicina ya fara. Shekara huɗu da suka wuce injin da ke jawo ruwa daga rijiyar lambun ya lalace. Ka zo gidana da takarda a ninke, ka ce in buga maka ita da inji don manya su karanta. Na buga, na kai da hannuna, aka buga mata hatimi aka sa a fayil. Wasiƙa goma sha ɗaya na buga maka a kan injin nan. Ta farko an ce ana dubawa. Ta huɗu an ce fayil ɗin ya ɓata. Ta bakwai an ce an kafa kwamiti. Na ga kwamitin da idona: sun zauna sau ɗaya, sun sha lemo, sun tashi. Kai kuwa kana tura baro da jarkoki shida daga famfon bayan asibiti, sawu goma a wuni, da shekara sittin da bakwai a kanka. Ɗan tafkin kifin da yara ke zagayewa ya ƙafe a gabanka. Ka kwashe kifayen da suka rage a bokiti ka raba wa masu son kiwo.

Kai ma, Baba, ka ba mu haushi. Sau nawa 'ya'yanka suka roƙe ka ka ajiye baron nan? Likita ya ce jininka ya hau, ka huta. Ka ce masa shuka ba ta san hutun likita ba. Auta ta ɓoye maka takalmin aiki, ka fita da silifa. Da takardar ritayarka ta fito muka yi murna, muka ce Allah ya kawo ƙarshen wahala. Washegari ka riga wanda aka ba aikin isa ƙofa. Shi ma da ya ga haka sai ya bar maka makulli, ya koma zuwa sau biyu a mako.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba. Bara, wata ranar Alhamis, aka kawo mini takarda in buga. Hukuma ta ba ɗan kwangila rabin lambun, ɓangaren yamma, ya yi wurin ajiye motoci da shaguna. Za a fara aiki Litinin. Darakta ya leƙo ofishina ya ce, "Na san surukinka ne. Kada maganar nan ta fita kafin a kafa shinge, ba ma son hayaniya." Na ce to. Na gaya wa kaina cewa don lafiyarka na yi shiru, kada jininka ya ƙara hawa. Gaskiyar ita ce kujerata na ji wa tsoro. Ranar Asabar na zo gidanka da yara, muka ci abinci tare, kana ba ni labarin dashen da ka raina a leda a kusurwar yamma, sama da ɗari uku, mangwaro da maɗaci da lemo, waɗanda kake jiran damina ka raba wa makarantu. Na saurare ka ina gyaɗa kai.

Litinin da safe ka tarar an kewaye wurin da kwano. Cikin kwana biyu aka kayar da itatuwa ashirin da uku. Wasu kai ka dasa su da hannunka tun farkon kama aikinka. Katafila ta bi ta kan dashen nan duka, ta haɗa su da ƙasa. Mai ɗaukar hoto na bakin ƙofa ya gaya mini kana tsaye kana leƙe ta tsakanin kwano biyu tun safe har la'asar, ba ka zagi kowa ba, ba ka zauna ba.

Da yamma na zo gidanka na durƙusa na gaishe ka. Ka dube ni ka ce, "Akawu, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun Alhamis."

Ka yi lissafi da yatsu. Sannan ka ce, "Kwana huɗu. Ai ni ba zan hana hukuma abin da ta yi niyya ba, wane ni. Amma kwana huɗu sun ishe ni in kwashe 'yan ƙananan nan."

Ka ce wa Inna ta kawo mini ruwa. Da ka ɗaga murya, ko ka kore ni, da na fi samun sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, har yau ba a ajiye mota ko ɗaya a wurin ba. Ɗan kwangila ya haƙa rami, ya zuba tubali kaɗan, ya kwashe kayansa ya tafi. Wata goma sha huɗu ke nan. Kwanon ya yi tsatsa, ramin ya tara ruwa da sauro, mutane sun mai da shi juji. Na tambaya a ofis, aka ce ana dubawa. Kai kuwa ka koma rabin da ya rage ka fara sabon reno a gwangwanaye, kamar ba a yi komai ba. A can ka yanke jiki ka faɗi, kusa da baro. Wata ma'aikaciyar jinya da ta fito shan iska ce ta gan ka, ta kira mutane aka ɗauke ka.

Kwana biyu kafin rasuwarka na samu ɗakin ba kowa, na matso na ce, "Baba, ka yafe mini." Ka ce, "Na yafe tun ranar, Akawu. Amma ka daina cewa to ga kowace magana. Kana da 'ya'ya, suna kallonka." Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Ranar uku ofishinmu ya aiko tawaga gaisuwa, mota biyu. Darakta ya yi jawabi, ya kira ka gwarzo, ya ce hukuma za ta kafa allo da sunanka a ƙofar lambun. A bakin mota ya ja ni gefe ya ce in tsara kalmomin da za a rubuta, tunda ni na fi saninka. Na ce masa ba zan tsara ba. Na ce in ana son karrama ka, a gyara injin ruwa, a cire kwanon nan, a cike ramin. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya shiga mota. Ban san abin da zai biyo baya ba. Na dai san maganar ta zo a makare, wanda ya kamata ya ji ta yana ƙasa.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa shi ya zama dausayi daga dausayoyin Aljanna. Duk wanda ya taɓa hutawa a inuwar itatuwan da ka rena, duk tsuntsun da ya ci daga itacen da ka dasa, Allah ya sa a mizaninka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta yi shekara arba'in da biyar tana wanke laka daga tufafinka ba ta gaji ba. Ga matata da ƙannenta huɗu, musamman Auta da ta yi jinyarka. Ga jikokinka goma sha uku. Da masu shara, masu hoto da masu gadin lambun, waɗanda suka rufe sana'arsu suka raka ka makwancinka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen.

Ni kuma, ya Allah, ka ba ni bakin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.