Ɗankunyan Baba Shekwolo da tokar da na ɗauka

Shekara goma sha tara ke nan da muka binne surukina, Baba Shekwolo, a bayan gidansa da ke Orozo. Duk shekara idan watan ya kewayo, matata Ladi, wadda ita ce 'yarsa ta biyu, takan daka sakwara mu kira 'yan'uwa a yi masa addu'a. Bana addu'a kaɗai ba ta ishe ni ba. Akwai laifin da na yi masa, ya mutu ban faɗa masa ba, kuma har makon jiya Ladi ma ban faɗa mata ba.

Sunana Bitrus. Firamare kawai na gama. Na baro kudancin Kaduna na zo leburanci lokacin da ake gina Abuja, na kama ɗaki a gidan Baba, daga baya ya ba ni 'yarsa. Manomin doya ne, yana kuma da lambu a bakin rafi, tumatir da kuɓewa da alayyafo. A duk zamana da shi ban taɓa ganin ya sayi maganin feshi ba, amma ganyensa ya fi na kowa kyau a kasuwar Karshi.

Yakan ce yana da ma'aikata. Ƙarƙashin kowane fasasshen tulu da ya kifa a lambun akwai kwaɗo. Bushiya na bin dodon koɗi. Hawainiya kuwa, idan ya tsince ta a hanya, a kan sanda yake kawo ta ya ɗora a kuɓewa. Shi ya fara nuna mini cewa idanunta biyu kowane da inda yake kallo. Lokacin da gwamnati ta tattaro daga Legas ta dawo nan, motoci suka cika hanya, ya yi dariya ya ce, “Gwamnati ya zo da ma'aikatansa, ni ma ina da nawa. Nawa ba su yajin aiki.” Haka Hausarsa take, ba ruwansa da mace ko namiji.

Babban ma'aikacinsa shi ne ɗankunya. A kogon wani tsohon maɗaci yake kwana, cikin kurmin da ke gefen gonar. Sai da na shekara uku a gidan kafin Baba ya kai ni na leƙa shi da rana yana barci, a dunƙule kamar ƙwarya, jikinsa duk ɓawo mai kama da farcen mutum. Baba ya ce ba shi da haƙori ko ɗaya, da dogon harshe mai yauƙi yake lashe gara da tururuwa. Saboda shi ne Baba ya bar suri biyu a gefen gona bai taɓa rushe su ba. Maƙwabta na rushe nasu, gara ta watsu ta shiga rumfar doya. Shi kuwa ya bar wa gara gidanta, ya bar wa ɗankunya abincinsa, doyarsa na zaune lafiya. Da za mu juya ya ce, “Bitrus, na nuna maka don kai ɗan gida ne yanzu.”

To, manyan mutane sun cika gari, aikin gini kuma ya fara ja baya. Ladi na da ciki. Na ji ana neman gadina, wato mai kula da furanni da ciyawa, a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati, mu kusan goma muna nema. Kukun gidan ya ja ni gefe ya ce oga na son naman daji wanda ba a samu a kasuwa, wanda ya kawo masa ba zai manta da shi ba. Ba zan ce yunwa ce ta sa ni ba, don a gidan Baba ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Ina son a gan ni da kayan aiki ina shiga babban gida.

Ranar kasuwar Karshi, Baba ya tafi da doya tun da safe. Na ɗauki gatari na faɗaɗa bakin kogon. Ɗankunya ba ya gudu, ba ya cizo, dunƙulewa kawai yake yi, kuma wannan ba ya hana hannun mutum komai. Na ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar kabewa na sa a buhu.

A bayan kicin ɗin oga, kuku ya watsa masa ruwan zafi don ya buɗe. Da ya buɗe sai muka ga mace ce. Ɗanta na manne a jikinta, ɓawonsa bai ma yi ƙarfi ba. Ashe shi ta dunƙule a kai duk tsawon hanyar. Kuku ya ce, “Ka ga, har da gyara.” Na yi dariya tare da shi. Wannan dariyar ta fi gatarin damuna har yau. Ranar Litinin na fara aiki.

Na jira Baba ya yi cigiya, bai yi ba. Da damina ta kama, gara ta yi yawa, ta shiga irin doya tun yana cikin ƙasa, ta ci ginshiƙan rumfa. Wata Asabar ya kira ni ya miƙo mini tsohon kwano. Ya ce daga yau duk Asabar in bi gidajen dangi in tara tokar murhu, in daka ganyen darbejiya in gauraya, in zagaye rumfar doya da gindin kowace shuka, in kuma tone hanyoyin gara in bar wa kaji. Yana da 'ya'ya maza uku, bai sa ko ɗaya ba. Na ce, “Baba, Asabar ce kaɗai ranar hutuna.” Ya ce, “Na sani. Aikin da ake yi da, dole wani ya yi shi.” Na ɗauka tsufa ne. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar toka, ina gunaguni a raina, har ya rasu.

Da zai tashi yau, ban san ko zai gane Orozo ba. Kurmin nan an sare shi, rukunin gidaje ne da katanga mai waya. Rafin ya zama wurin zubar da shara. A rediyo ina jin masana na cewa ɗankunya ya kusa ƙarewa, ana kwasar ɓawonsa ana fitarwa ƙasashen waje, kuma ɗa guda yake haifa a lokaci ɗaya. Abin da zai ba shi dariya shi ne matan manya da ke aiko direba neman ganyen da ba a yi wa feshi ba. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina feshi a gidajensu, ina share matattun kwaɗi da safe, na san abin da muka kashe kafin su fara wannan nema.

Makon jiya, Ladi na fere doya a tsakar gidanmu na Jikwoyi, na zauna na faɗa mata komai, har da ɗan, har da dariyar. Ba ta ajiye wuƙar ba.

“Baban Rahila,” ta ce, “sai yanzu?”

Na ce, “Kin sani?”

“Baba ya sani tun ranar. Ya dawo kasuwa ya je ya duba saran. Ya ce saran bahago ne. Bahago nawa ne a gidanmu?”

Ni kaɗai ne. Na tambaye ta me ya sa bai kore ni ba. Ta ce yayyenta sun so haka, ya hana su, ya kuma hana kowa ya yi mini maganar. Ya ce an riga an raba uwa ɗaya da gidanta, ba zai ƙara ta biyu ba, ga 'yarsa da ciki. Ya ce, “Ku bar shi ya ɗauki toka. Idan ya gane, zai zo da kansa.”

Ban zo ba. Shekara goma sha ɗaya yana karɓar kwanon daga hannuna, yana ce mini sannu da aiki, yana jira.

Gonarsa ta tafi, maɗacin ya tafi, sunansa ba ya kan wani titi a garin da aka gina a ƙasar kakanninsa. Abin da ya rage shi ne ɗan lambun da ke bayan ɗakina, inda na kifa fasassun tukwane uku, kuma biyu sun samu kwaɗi. Kwanon ma yana nan, Ladi ta ɗauko mini shi daga cikin kayanta. Gobe Asabar ce. Na riga na gaya wa maƙwabta kada su zubar da tokarsu.