Gambar Iyakar Malam Ɗanasabe

"Wallahi Yaya, ko majalisa na daina zama. Ina zuwa sai a yi tsit, an ga ɗan mai cin iyaka."

Muryar ɗansa Tasi'u ce, da ya biyo sahunsa daga gida. Malam Ɗanasabe yana kishingiɗe a ɗakin da 'yarsa Hasiya ta sauke shi a Tudun Wada, bangon ƙasa ne kawai tsakaninsa da madafa. Sun ɗauka barcin bayan azahar ya kwashe shi.

Hasiya ta ce, "Rage murya, uban 'yan baki. Mahaifin naka kake kira haka?"

"Ni na faɗa? Gari ne ya faɗa. Ya tumbuke gambar iyaka, ya shuka dawa cikin gonar Baba Balarabe. Yanzu mai unguwa ya ce ranar Juma'a ya zo ya dafa Alƙur'ani, a san mai dawar kafin girbi. Shi kuma yana nan yana yawon zumunci!"

Malam Ɗanasabe bai motsa ba. A ƙauyen da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye aka haife shi. Yana ɗan saurayi aka kwaso su a akori-kura aka zube su a ƙasar Bebeji, aka yanka wa mahaifinsa fili kusa da na mahaifin Balarabe. Tsofaffin biyu suka dasa gamba a tsakani, suka yi fatiha. Wanda ya taɓa ganin ruwa ya shafe gonarsu ba ya wasa da iyaka. Shi ya sa da ya girma, shi ake kira idan maƙwabta sun yi saɓani, ya taka ya ce nan ne, magana ta mutu.

Tun bara abin ya soma masa ta gefe, kamar ana tsuke bakin buhu. Abin da ke gabansa sak yana gani, na dama da hagu kuwa sai dai ya juya kai. Ya sa kwalli, ya ɗiga maganin ido na kemis. Daga baya ya saci jiki ya je asibiti shi kaɗai, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi. Da matarsa Delu tana raye da ta gane tun daga yadda yake laluben buta. Ya dawo bai gaya wa kowa ba, don ya san 'ya'yansa. Tausayi zai sa su karɓe garma su ba shi tabarma a gindin darbejiya.

Farkon damina, gambar da aka yanke aka yi zana ba ta gama tofowa ba, ya bi ta kanta da huɗa bai sani ba. Sai da Balarabe ya tsaya a kansa yana salati. Kalma ɗaya ta ishe shi a ranar, Balarabe abokin kaciyarsa ne, da dariya za a yi a tashi. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Nan iyakar take tun asali."

Da aka gama noman ƙarshe, marka ta zauna, manomi ba shi da aiki sai jiran kaka, ya ɗaura ɗanyar masara a buhu kamar kowace shekara. Ya sauka Kiru wajen ƙanwarsa, ta yi ta mitar ya cika zura mata ido kamar zai saye ta. Daga Kwanar Dangora ya hau mota zuwa Doguwa gidan ɗan wansa, suka fita kallon duwatsu sun yi kore shar, shi kuwa kore kawai ya gani, ya ce masha Allah. Daga can ya sauko wajen Hasiya. Ya gaya wa zuciyarsa fuskokin dangi ya fito kallo tun da sauran haske. Akwai gaskiya a ciki. Amma ya san abin da ya fi ƙarfi shi ne gudun haɗuwa da Balarabe a sahun asuba.

"Kai da kake gida ɗaya da shi ba ka lura da komai ba?" in ji Hasiya. "Jiya na ajiye masa fura a damansa, ya zauna yana jiran a kawo. Ɗazu jikarsa ta tsaya a gefensa har ta gaji, sai da ta yi magana ya zabura. Baba ba ya gani, Tasi'u."

Ruwan sama yana ta ɗiga daga indararo.

"To me ya sa bai faɗa ba? Ya gwammace a kira shi azzalumi?"

"Idan ya faɗa me za ka yi?"

"Sai ya huta mana, in karɓi gonar."

"Ka ji dalili."

Malam Ɗanasabe ya laluba hularsa. Ƙaryar da ya yi wa Balarabe ya iya ɗaukarta duk damina, amma hannunsa ba zai hau littafin Allah da ita ba. Ya bi bango ya zagayo tsakar gida. Suka miƙe a tsorace.

"Uwata," haka yake kiran Hasiya don sunan mahaifiyarsa ta ci, "gaskiya kika faɗa. Dawar ta Balarabe ce, ban ga gambar ba. Gonar kuma, Tasi'u, ga ka ga ta. Tashi ka mayar da ni gida."

Tasi'u ya ce, "Baba, ka bari ruwan ya ɗauke, ko gobe..."

"Yau."

Hasiya ta kawo masa buhunsa tana share fuska da gefen zani. Tasi'u ya tura babur waje, ya dawo ya miƙo hannu zai kama shi ya tsallakar da shi dokin ƙofa. Tsohon ya janye hannunsa, ya dafa ƙyauren zaure.

"Idan mun isa, ka sauke ni a bakin gari. Ka shiga gabana kana tafiya a hankali, ina ganin bayan rigarka. Kada ka riƙe ni sai na gama magana da Balarabe."